Mai Tsayuwa a Tasha ta Bakwai

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar damina, bayan la'asar, muka kama hanyar tudu ni da Dogo. Aikin da zai kai mu ba babba ba ne: mu canza batir, mu goge farantin sola, mu auna tsayin eriya, mu juyo. Shekarata goma sha tara ina irin wannan tafiya, ban taɓa dawowa da labarin da ya wuce na faci ko na cizon sauro ba.

Aikinmu sauraron ƙasa ne. Muna da tashoshi goma sha biyu a warwatse cikin yankin. Kowace tasha ginshiƙi ne na kankare da aka kafa cikin dutse, da eriya a kansa kamar kwano a kife. Eriyar na karɓar saƙon taurarin ɗan'adam, ta faɗa mana daidai inda take tsaye a duniya, har zuwa milimita. In ƙasa ta gusa, ko da kaurin farce ne, za mu gani a kwamfuta muna zaune a ofis. In iska ta yi nauyi da ruwa, saƙon kan ɗan makara kafin ya iso, daga nan muke gane babban hadari na haɗuwa. Girgizar ƙasa, zaftarewar tudu, ambaliya, duk aikinmu shi ne mu riga su isa wurin mutane.

Tasha ta bakwai tana kan kafaɗar wani tudu, kuma a gindin tudun akwai gida wajen ɗari biyu. Na huɗu daga bakin kwalbati, mai shuɗiyar ƙofa, gidan Yayata ne, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu. Masu binciken ƙasa sun daɗe da cewa tudun nan ruɓaɓɓe ne daga ciki, shi ya sa aka kafa tashar. Duk ƙarshen wata ni ke sa hannu a takardar da ke cewa bai motsa ba. Da wannan takarda ake barin mutane su ci gaba da kwana a ƙarƙashinsa.

Sai dai tashar na da wani ciwo tun ranar da aka kunna ta. Kullum rana na faɗuwa, taurarin da ke ɓangaren yamma sai su ɓace mata na minti huɗu. Lambobi su rikice, sannan komai ya koma daidai. Mun canza waya, mun canza eriya, mun canza akwatin na'urar ɗungurungum, a banza. Daga ƙarshe na yi abin da kowa a aikinmu yake yi da lambobin da ba su da kan gado. Na umarci kwamfuta ta riƙa zubar da waɗannan mintoci, ta riƙa ba ni awo ɗaya tak a rana, bayan duhu ya shiga. Layi ya miƙe sak. Haka na yi shekara uku ina sa hannu da kwanciyar hankali.

To sai aka kawo mana sabon Oga. Ya ce tashar da ke da giɓi kullum ba abin dogaro ba ce, in ba a gano dalili kafin ƙarshen wata ba, a kwance ta. Ni kuwa na san in aka kwance ta, babu sauran idon da ke kallon tudun da Yaya ke kwana a ƙarƙashinsa. Shi ya sa na zaɓi mu je da yamma, in ga abin da idona.

Dogo shi ne mai gyaran na'urorinmu, shi ne kuma direba in direba bai zo ba. Muna cikin tafiya ya ce, "Anti, kin duba hoton da na turo miki?"

"Na duba."

"To?"

"To me? Inuwa ce."

"Inuwa mai kafaɗu?"

Muna da abin da muke kira taswirar sama. Da'ira ce kawai. Duk inda eriya ta hango tauraro sai a sa farin ɗigo, inda wani abu ya tare kuma ya fito baƙi. Dogo ya kwaso mintocin da na yi shekara uku ina zubarwa, ya ɗora su kan juna. Baƙin ya fito a yamma, dogo, da faɗi daga sama, da wani ƙullutu a bisa faɗin. Babu bishiya a wurin. Babu gini, babu turken lantarki.

Na ce, "Ƙila ɗan'uwanka ne. Duk gidanku haka kuke, sai mutum ya ɗaga kai kafin ya gaishe ku."

Ya yi dariya. "Mu gidanmu ba ma aikin minti huɗu, Anti. In muka tsaya a wuri sai an kore mu. Kuma ai ga mai korar na ɗauko, Anti Matsa da kanta."

Sunan da suke kirana ke nan a bayan idona, kuma ban ga laifinsu ba. Dokar farko da ake koya wa sabon ma'aikaci ita ce kada ya tsaya kusa da eriya, domin jikin mutum na tare saƙo. Na faɗa wa direbobi, na faɗa wa makiyaya, na taɓa faɗa wa wani babban baƙo da ya zo ɗaukar hoto: matsa, kana tare mana sama. Maganar ta riga ta zauna a bakina, tana fita tun kafin in yi tunani.

Muka biya ta gidan Yaya. Na same ta a tsakar gida tana kwashe shanya, don gabas ta fara haɗa hadari.

"Auta, yanzu za ku hau? Rana fa ta yi sanyi."

"Rabin awa ne, Yaya."

"Ku bari sai da safe mana."

"Da safe lafiyarsa lau. Da magariba yake ɓaci."

Ta tsaya da zane a hannu. Ta dubi tudun, ta dube ni.

Na ce, "Da kin ji maganata kun tashi daga nan tun bara, da ban damu da hawansa ba."

"Tudun nan ba inda za shi," in ji ta. Haka take faɗa kullum, ba da gardama ba, sai kamar mai faɗin abin da ta tabbatar. Ta ninke zanen ta ɗora a kafaɗa. "Ke da taurarinki. To in kin je, ki yi abin da ya kai ki, ki kama bakinki."

Na ɗauka tsiyar da ta saba yi min ce kan faɗa. Na ce to, na fito.

Hanyar mota ta ƙare a rabin tudun. Daga nan sai ƙafa, wata siririyar hanya mai santsi cikin ciyawa. Dogo ya saɓi tsani da jakar kayan aiki, ni na riƙe allon takarda da tef ɗin awo. Ko'ina ƙamshin jiƙaƙƙiyar ciyawa da laka. Kwaɗi na ta kuka a kududdufan da ke ƙasa, gyare na taya su. Daga can gindin tudu ana jiyo ƙarar injin niƙa da kiran wata mata.

Muka buɗe shingen waya muka shiga. Komai yana yadda muka bar shi. Ginshiƙin na tsaye kan faffaɗan dutse, akwatin na'ura na ɗan gurnaninsa, koriyar fitilarsa na ƙiftawa. Na zagaya ta yamma, inda ƙasa ta fara gangara. Ban ga komai ba sai wuri ɗaya da ciyawa ba ta fito ba, gab da gindin ginshiƙin. Ƙasar wurin ta daddale ta yi sumul, ta ɗan lotsa gida biyu.

Dogo ya ce, "Bari in sauka in ɗauko batirin. Kada ki fara awo sai na dawo, Anti."

"Yi sauri, haske na tafiya."

Na ji takunsa har ya ɓace.

Awon eriya aikin mutum biyu ne. A gindin ginshiƙi akwai ƙusar tagulla da aka dasa cikin dutse. Mutum ɗaya zai danne bakin tef a kanta, ɗayan ya hau tsani ya karanta a bakin eriya. Bakin eriyar na da tsaga uku, ana karantawa a kowace, kuma dole lambar ta zo ɗaya: mita biyu da santimita arba'in da ɗaya. Don in rage mana lokaci sai na jingina tsani ta gabas, na hau, na saki tef ɗin yana lilo zuwa ƙasa. Na gyara zaman tabarau na jira.

Rana ta taɓa bakin ƙasa. Komai ya yi ja.

Kwaɗin suka yi shiru.

Ba a hankali ba. Gaba ɗaya, kamar an rufe musu ƙofa. Gyare ma haka. Injin niƙan da nake ji, ban ƙara jinsa ba.

Sai na ji taku. A hankali, da nauyi, irin na mai ɗauke da kaya. Na ce a raina batirin ya ba shi wuya. Ban waiga ba, idona na kan tsagar farko.

"Ka yi sauri kuwa. Ajiye shi, ka danne min bakin tef."

Tef ɗin ya miƙe. Ya yi tsam, ba ko rawa.

Na karanta. Biyu, arba'in da ɗaya. Na rubuta. Na matsar da shi tsaga ta biyu, na ji an bi ni da shi daga ƙasa, daidai yadda ake yi. Biyu, arba'in da ɗaya.

Wani wari ya taso. Warin ƙasar can ciki, irin wadda ake fitarwa daga sabuwar rijiya. Sanyi ya sauka a goshina.

Tafin hannuna na hagu na kan ginshiƙin. Na ji kankaren yana wani irin motsi a ƙarƙashinsa, ƙanƙani, kamar ana tura shi zuwa wajena. Na ji numfashi, mai tsawo, mai nishi a ƙarshensa.

Na kai tef tsaga ta uku. Sai inuwa ta rufe lambobin, na kasa karantawa.

Bakina ya riga ni.

"Matsa mana, kana tare mana sama."

Numfashin ya tsaya.

Sannan wata murya, ƙasa-ƙasa, a dashe, kamar ta wanda aka ɗora wa buhu a ƙirji, ta ce, "In matsa?"

Na ɗauka wasan Dogo ne. Haske na ƙarewa, raina ya fara ɓaci.

"Sau nawa zan faɗa? Matsa."

Tef ɗin ya saki.

Aka sauke wata ajiyar zuciya, doguwa, har gefen gyalena ya kaɗa. Jan hasken ya dawo kan lambobin.

Sai na jiyo kira daga nesa, can ƙasa.

"Anti! Batirin nan fa ya fi ni nauyi!"

Na dubi hanya. Ga Dogo can, ɗan mitsitsi, bai ko kai rabi ba, ya rungumo batir.

A nan lissafin ya zo min. Hannun da ya danne tef yana ƙasa, a kan ƙusa. Inuwar kuwa daga sama ta sauko min. Ni kuma a kan tsani nake.

Na ɗaga kai.

Bayansa kawai na gani. Ya riga ya wuce shingen, ƙofa kuwa a ɗaya ɓangaren take. Launinsa launin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tsawonsa ban san da me zan kwatanta ba. Hannuwansa sun sauko har gwiwa. Abin da na fi tunawa kafaɗunsa ne. Sun lotsa, sun goge, sun yi sheƙi, irin kafaɗar wanda ya shekara da shekaru yana tokare abu mai nauyi.

Yana tafiya a hankali, yana juya wuya kamar mai warware gajiya.

Na buɗe baki.

Abin da ya fito raɗa ce.

"Dawo."

Ya tsaya. Kan ya ɗan karkata.

Ya ci gaba da tafiya, ya sha kwanar tudun.

Sai dutsen ya yi ƙara.

Ba a kunne na fara ji ba, a haƙora na ji. Wani gurnani daga can ciki. Tsanin ya zame. Na faɗo kan kafaɗata, tabarau ya yi gefe.

Ƙasa ta tsage a gabana.

Siririya da farko, kamar zare. Ta bi ta tsakanina da ƙofar shinge tana ɓas, ɓas, saiwoyin ciyawa na tsinkewa. Ta yi faɗin yatsa. Ta yi faɗin tafi. Allon takardata ya sulale ya faɗa ciki. Ban ji saukarsa ba.

Warin rijiyar nan ya bugo daga ciki, da sanyi.

Na yunƙura. Ƙafata ta dama ta nutse har ƙwauri.

"Innalillahi! Anti, hannunki!"

Dogo ne, ya yar da batir. Ya kama ƙarfen shinge da hannu ɗaya, ya miƙo ɗayan. Ya fizge ni. Takalmina ya zauna a ciki.

Muka gangara. Ban san sau nawa na faɗi ba.

A mota Dogo ya buɗe kwamfutar tafi-da-gidanka da muke yawo da ita, ya ɗora min a cinya. Tashar na nan tana aiko da saƙo. Na nemo umarnin da na rubuta shekara uku da suka wuce, na kashe shi. Na ce ta nuna min komai, kowace daƙiƙa, har da abin da nake zubarwa.

Miƙaƙƙen layina ya ɓace. Abin da ya fito kamar haƙoran zarto.

Daga safe zuwa yamma tudun na gangarowa, milimita huɗu, wata rana biyar, ranar ruwa har bakwai. Sai giɓin minti huɗu. Bayan giɓin sai ga shi ya koma daidai inda yake da safe. Kullum. Fiye da kwana dubu. Ni kuwa da duhu nake ɗaukar awona, bayan an riga an mayar da shi.

Dogo ya sa yatsa a ƙarshen layin. "Na yau fa?"

Giɓin yau minti biyu ne da 'yan daƙiƙu. Bayansa layin bai koma ba. Ya zarce ƙasa. Muna kallo lambar ta tashi daga milimita talatin da ɗaya zuwa talatin da biyu.

Ya ce a hankali, "Anti, wa ya riƙe miki tef?"

"Ja motar."

Na kira Oga a hanya. Ya saurare ni har na gama, mutum ne mai ladabi. Ya ce tashar da aka san tana da ciwo ba za a tashi gida ɗari biyu a kan maganarta ba. Sai an gwada da ta shida da ta takwas, sai an ga awon awa ashirin da huɗu, sai kwamiti ya zauna. Ya ce, "Ke da hannunki kika rubuta min wata talatin da shida cewa bai motsa ba. Wanne zan ɗauka, na jiya ko na yau?" Na kashe wayar.

Yayyafi ya fara sauka lokacin da muka tsaya a bakin shuɗiyar ƙofa. Na shiga da takalmi ɗaya, laka har gwiwa. Yaya na zaune a baranda tana wa mijinta ɗinkin maɓalli. Na buɗe kwamfutar a gabanta, na fara bayani da lambobi, yadda na iya. Milimita kaza a awa, tsaga mai faɗin kaza, ruwan da ke tafe.

Ko kallon allon ba ta yi ba. Fuskata take kallo.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Kin gan shi?"

Na sake tura mata allon.

"Ba tambayarki nake ba? Kin gan shi?"

"Bayansa na gani."

Allurar ta tsaya. "Bayansa? Ai ba ya juya wa gari baya. Me kika ce masa?"

Ina da digiri biyu, na yi magana a gaban manyan taruka. A ranar murya ta ƙi fita sai irin ta yarinyar da ta fasa tulu.

"Na ce ya matsa."

"Ya tambaye ki?"

"Ya tambaya."

"Kika sake faɗa."

"Na sake."

Ta soke allurar a jikin rigar, ta ajiye. Ba ta zage ni ba. Ta miƙe ta leƙa ɗaki ta ce wa mijinta, "Malam, tashi. Takardun gida da maganinka kawai za ka ɗauka." Ta yafa gyale ta fita cikin ruwa, ni da Dogo muna biye.

Ƙofa ƙofa ta bi. Ba ta ambaci milimita ba, ba ta ambaci tauraro ba. Duk wanda ya buɗe sai ta ce, "Ya bar wurin." Matasa na cewa wa, wane wuri. Tsofaffi ba wanda ya tambaya. Wani dattijo mai gyaran keke ya dafa bango, ya ɗaga kai ya dubi tudun, ya juya ya daka wa iyalinsa tsawa su fito. Abin da na kasa yi da lambobina, Yaya ta gama shi da kalma uku.

Kafin hantsin Alhamis unguwar ta koma makarantar da ke hayin rafi, da awakinsu da katifunsu. Sanarwar hukuma ta fito bayan azahar, mota mai lasifika ta zagaya layukan da ba kowa sai kaji. Ranar Juma'a da hantsi, ana tsuga ruwa, tudun ya sauko. Muna tsaye a barandar aji muka gani. Bai yi minti ɗaya ba. Tasha ta bakwai ta aiko da saƙonta na ƙarshe daga mita arba'in ƙasa da inda muka kafa ta, sannan ta yi shiru.

Ba a rasa rai ko ɗaya ba. An ba sashenmu takardar yabo, tana rataye a ofishin Oga.

Yaya da mijinta suka dawo wurina. Benen da muke aiki, ofis ne a ƙasa, gidajen ma'aikata a sama, nawa a hawa na uku. Har yau ba ta taɓa goranta min ba. Sau ɗaya ne kawai, muna wanke-wanke, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Tun kafin a haifi kakarmu yake tokare da shi. Ba wanda ya taɓa ce masa sannu. Maganar farko da ɗan'adam ya yi masa, taki ce."

Na cire wancan umarni daga dukan tashoshinmu. Yanzu ba na zubar da ko daƙiƙa ɗaya. Sunan Anti Matsa ma ya mutu, domin ko a kasuwa mutum ya tare min hanya, zagaye shi nake yi.

Watan jiya Dogo ya shigo ofishina, bai yi wasa ba, bai ko zauna ba. Ya ajiye takarda a tebur ya fita. Taswirar sama ce ta tasha ta ɗaya, wadda ke kan rufin benenmu. A ɓangaren yamma baƙi ya fara taruwa. Minti huɗu, da faɗuwar rana. Na duba lambobin. Kusurwar ginin na nutsewa milimita biyu a wuni, da magariba ta koma.

Na rubuta rahoto a ranar, na kai da hannuna. An ce injiniyoyi za su zo su duba, in kwamiti ya zauna. Na nemi haya a wani wuri, an ce sai sabon wata gidan zai fita. Yaya ta ce ko ya fita ba za ta tafi ta bar maƙwabta goma sha ɗaya a ciki ba, kuma na san ta.

Na sa wa ƙofar rufin sabon makulli, ɗan makullin na wuyana. Kullum rana ta kusa faɗuwa nakan hau matakala in tsaya a bayan ƙofar, don kada wani mai shanya ko mai gyaran tanki ya hau ya faɗi abin da bai kamata ba. Ina jin takun. Ina jin warin rijiya ta ƙarƙashin ƙofa. Ina jin nishin.

Ya san ina wurin. Kafin ya tafi yakan matso dab da ƙarfen, ya tambaya a hankali.

"In matsa?"

Nakan ce, "A'a. Tsaya, don Allah. Sannu da aiki."

Sannan takun yakan yi nisa.

Ni mai awo ce, ba na iya bari. Ina rubuta tsawon giɓin kullum a ɗan littafi. Makon farko minti huɗu ne cif. Jiya uku ne da rabi, kuma kusurwar ginin ba ta koma duka ba.